Yadda ake koya wa yara tare doguwar ƙwallo tun kafin a buga ta

A minti na 14 na wasan Najeriya da Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, Ever Banega ya samu ƙwallo kusa da tsakiyar fili, ya ɗaga kai, ya cilla ta bayan Kenneth Omeruo. Lionel Messi ya tare ta da cinya, ya gyara ta da ƙafar hagu, ya buga da dama, ta wuce Francis Uzoho. Gwanintar Messi ce mutane suka riƙe. Mai horar da yara kuwa, abin da ya kamata ya nuna musu ya faru ne daƙiƙu kaɗan kafin nan: babu wanda ya takura wa Banega.

Doguwar ƙwallo tana buƙatar lokaci. Sai mai bugawa ya duba gaba, ya daidaita ƙwallon, ya ja ƙafa baya. Saboda haka aikin farko yana wuyan 'yan gaba da 'yan tsakiya, waɗanda za su hana shi wannan sukunin. 'Yan baya kuma mai ƙwallon za su zuba wa ido. Idan an takura masa, su matso gaba a jere ɗaya. Idan yana sake kuma ya ɗaga kai, su fara ja da baya nan take, kowa ya karkata jikinsa gefe guda domin ya iya juyawa da gudu. Yaron da ya tsaya yana fuskantar ƙwallo da ƙirji sai ya juya kafin ya fara gudu, kuma a wannan juyin ake barin sa.

Idan ƙwallon ta tashi, mutum ɗaya ne zai tashi mata, ya kira sunansa da ƙarfi. Sauran su koma bayansa, 'yan tsakiya su kewaye inda za ta faɗo. A wasan yara ba kasafai bugun farko ke jawo ci ba. Ƙwallon da ta faɗo ba mai ita ce ke kashe ƙungiya. A filayen ƙasa da yawancin yaran unguwanni ke wasa a Arewa, barin ƙwallo ta daki ƙasa caca ce, domin tsakuwa ɗaya ta isa ta sauya mata hanya.

Mai tsaron gida ma kada ya manne da raga. Idan 'yan baya sun matsa gaba, ya fito bakin da'irarsa ya share abin da ya tsallake su. A kuma tuna wa yara cewa babu satar gida idan daga bugun gola aka karɓi ƙwallo kai tsaye, dokar da manya ma ke mantawa.

Inda masu horarwa da dama ke kuskure shi ne jera yara ana cilla musu ƙwallo sama suna sa kai har la'asar. Tun 2015 hukumar ƙwallon Amurka ta haramta buga ƙwallo da kai ga 'yan shekara 10 zuwa ƙasa, ta kuma taƙaita shi a atisaye ga 'yan 11 zuwa 13, saboda fargabar rauni a ƙwaƙwalwa. Atisayen da ya fi amfani ba ya buƙatar kai ko kaɗan: koci ya tsaya da ƙwallo a tsakiyar fili, 'yan baya huɗu suna kallonsa. Ya ja ƙafa, su ja baya tare. Ya juya musu baya, su matso.