Amsoshin Wasiƙunku: Ina Shafin Intanet Ke Tafiya In Ya Ɓace?

 Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sayar da hatsi a ƙasar Gumel. Ya ce bara ɗansa ya ajiye masa adireshin wani shafin intanet a cikin waya, inda aka yi bayanin yadda ake adana wake kada ƙwari su ci. Bana da kaka ta yi ya ce a buɗe masa, sai waya ta nuna lamba 404, ba bayani ba dalili. Shi ne yake tambaya, shin ina shafin ya tafi, alhali an ce masa duk abin da ya shiga intanet ba ya ɓata? Na biyu kuma, wai wa ke haɗa shafukan nan da juna, har ka taɓa wannan ya kai ka wancan?

To malam, mun gode da wannan tambaya, don kuwa ta shafi duk wanda ke ajiye rasit ko lissafin bashi a cikin waya.

Da farko dai, kowane shafi da ka gani a waya yana zaune ne a cikin wata babbar kwamfuta, a wani gini, a wani gari, wadda ake barinta a kunne dare da rana. Masana na kiranta uwar garke. Kowane shafi kuma yana da adireshinsa. In ka taɓa rubutun nan mai launin shuɗi, wanda yara ke ce wa linki, wayarka ce ke aika saƙo zuwa ga uwar garken, ita kuma ta aiko maka da kwafin shafin ka karanta. Ke nan abin da ɗanka ya ajiye maka kwatance ne kawai. Kamar a ce maka in ka shiga kasuwar Dawanau ka nufi layin 'yan wake, rumfa ta uku a hannun dama. In mai rumfar ya tashi, kwatancen na nan a aljihunka, amma ba zai auna maka ko tiya ɗaya ba. Lambar nan 404 ita ce amsar uwar garke, ma'anarta: na ji sallamarka, gidan ne kuwa, amma wanda kake nema ba ya nan.

Wanda ya ƙago wannan tsari wani Bature ne ɗan Ingila mai suna Tim Berners-Lee. Ya kawo shawarar a shekarar 1989, lokacin yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da birnin Janeba a ƙasar Suwizalan, aka buɗe wa duniya shafin farko a 1991. Dabarar da ya yi ita ce kowa na iya yin kwatance zuwa shafin kowa ba tare da neman izini ba, kuma babu wani sarkin kasuwa da ke riƙe da rajistar duk rumfunan. Wannan sauƙi ne ya sa abin ya game duniya cikin 'yan shekaru. Amma a nan matsalar take. Kwatancen hanya ɗaya yake bi. Mai shafin da aka nuna bai san wa da wa suka nuna shi ba, saboda haka ran da ya kwashe kayansa ba ya sallamar kowa.

Yanzu sai tambayarka ta biyu. Wasu haɗe-haɗen mutum ne ke yin su da hannunsa. Amma da yawa na'urori ne ke yi tsakaninsu, ba sa hannun kowa. Alal misali, a shekarar 2002 an fito da wasu dabaru guda biyu, Trackback da Pingback, don a toshe waccan kafa da muka ambata. Ga yadda ta biyun ke aiki. In marubuci ya ambaci shafin wani a cikin rubutunsa, na'urarsa za ta aika wa ta wancan cewa an ambace ka a wuri kaza. Ita kuma sai ta je ta duba ko gaskiya ne, in ta tabbatar sai ta rubuta a ƙarƙashin nata shafin cewa wane ya yi magana a kan wannan. Duk wannan na faruwa ne ko da masu shafukan biyu suna barci.

Abin ya yi daɗi na ɗan lokaci. Daga baya masu tallan banza suka gane kan abin, suka riƙa sa na'urorinsu na aika dubban sanarwar ƙarya don a rubuta adireshinsu a shafukan mutane. A watan Maris na 2014 ma, wasu ɓata-gari sun yi amfani da wannan hanya suka sa shafuka fiye da 162,000 suka yi wa shafi guda caa a lokaci ɗaya har ya durƙushe. Saboda haka masu shafuka da yawa suka kashe abin. Ka ga dabarar da aka yi don ɗaure zumunci ita ma ba ta daɗe da ƙarfinta ba.

Kada ka ce wannan zancen Turawa ne. Irin wannan magana tsakanin na'ura da na'ura kullum tana faruwa a gabanka. In ka ba mai POS katinka, ko abokin ciniki ya turo maka kuɗi ta waya, na'urar bankinsa ce ke magana da ta bankinka, yawanci ta hannun wani kamfani mai suna NIBSS, wanda Babban Bankin Nijeriya da sauran bankuna suka mallaka. Shi ne kamar dillali a tsakani. Daga nan bankinka ya sa kamfanin layi ya turo maka alat. Haka labarin ruwan sama da waya ke nunawa, daga na'urar masu duba yanayi ake ɗebo shi. Sarƙa ce mai zobba da yawa, kowane zobe da mai shi, kuma in ɗaya ya tsinke sai ka ji an ce babu netwok. Waɗanda suka yi ciniki a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ba sai an ba su labari ba.

A nan sai mu rarrabe tsakanin suma da mutuwa. Wani lokaci hanya ce kawai ta yanke. Ran 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke a duniya baki ɗaya na wajen awa shida, saboda kuskuren da aka yi wajen gyaran na'urorin kamfanin. Ran 14 ga Maris 2024 kuma, manyan wayoyi huɗu da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu, har wasu bankuna suka kasa aiki sosai. Irin wannan suma ce, in an gyara komai zai dawo.

Mutuwa kuwa dalilanta sanannu ne. Na ɗaya, sunan shafi haya ake yi, yawanci shekara-shekara, kamar rumfar kasuwa, in ba a biya ba a ƙwace. Na biyu, ita uwar garken tana cin wuta da kuɗin masu kula da ita. Ƙungiya ta zo da shirin taimakon manoma na shekara uku, ta buɗe shafi, ran da kuɗin shirin ya ƙare shafin ya zama maraya. Na uku, masu shafi kan sake fasalin gidansu, su canja wa ɗakuna lamba, sai tsohon kwatance ya kai ka ga bango. Na huɗu, kamfanin kansa ya ga abin ba riba ya rufe.

Kada ka zaci ƙananan shafuka kaɗai abin ke samu. Akwai wani dandali mai suna GeoCities, inda miliyoyin mutane suka gina shafukansu kyauta. Kamfanin Yahoo ya saye shi a 1999 a kan kuɗi fiye da dala biliyan uku da rabi, sannan ya rufe shi a watan Oktoba na 2009. Reshen Japan kaɗai ya rage, shi ma aka rufe a 2019. A wannan shekara ta 2019 ne kuma dandalin MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora masa daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta wajen ƙaura daga wata na'ura zuwa wata. An ƙiyasta waƙa miliyan 50 ne.

Wata cibiyar bincike ta Amurka mai suna Pew ta auna girman wannan asara, ta fitar da sakamako a watan Mayu na 2024. Ta gano cewa daga cikin shafukan da suke nan a 2013, kashi 38 cikin ɗari ba a iya samunsu bayan shekara goma. Wato a cikin shafi goma, kusan huɗu sun tafi. Tun kafin wannan, masana shari'a a jami'ar Harvard sun wallafa a 2014 cewa wajen rabin adireshin intanet da alƙalan Kotun Ƙolin Amurka suka kafa hujja da su a cikin hukunce-hukuncensu ba sa kai mutum ga abin da aka nufa. In haka ta samu Kotun Ƙoli, ina ga shafin maganin wake?

Su kansu na'urorin tsufa suke yi. Ga wani labari daga Ingila. A shekarar 1086 Sarki Wiliyam ya sa aka ƙidaya gonaki da garmuna da dabbobin ƙasarsa don sanin haraji, aka rubuta a kan fata, littafin da ake kira Domesday. A 1986, da littafin ya cika shekara 900, gidan rediyo da talabijin na BBC ya yi sabuwar ƙidaya irin ta zamani. Mutane fiye da miliyan ɗaya suka taimaka, yawancinsu 'yan makaranta, aka zuba aikin a faifai biyu masu aiki da haske. Kafin 2002 na'urar da ke karanta faifan ta yi wuyar samu, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka sha wahala kafin su ceto aikin. Littafin fata kuwa yana nan a gidan adana takardun tarihi na Ingila, ana karanta shi. Mu ma mun ga irin wannan. Gida nawa ne ke da kaset ɗin bikin aure a cikin akwati, amma babu rikodar da za ta juya shi?

Akwai kuma haɗarin da ya kamata ka sani. In hayar sunan shafi ta ƙare, kowa na iya sayensa. 'Yan damfara da masu caca kan sayi irin waɗannan sunaye da gangan, don sun san tsoffin kwatance na ci gaba da turo musu mutane. Na'ura ba ta san gida ya canja mai shi ba, za ta kai ka ƙofar da aka nuna mata. Haka layin waya yake. In ka daɗe ba ka amfani da shi, kamfani kan ba wani lambar, in kuwa da ita ka buɗe asusun banki, alat ɗinka na iya komawa hannun baƙo.

To shi ke nan abin da ya ɓace ya ɓace? Ba duka ba. A birnin San Faransisko na Amurka akwai wata ƙungiya mai suna Internet Archive, wadda Brewster Kahle ya kafa a 1996. Na'urorinta na zagayawa suna ɗaukar kwafin shafuka suna ajiyewa, kamar mai kalar hatsi bayan girbi. A watan Oktoba na 2025 ta sanar da cewa kwafin da ta tara ya kai tiriliyan ɗaya, wato miliyan sau miliyan. Ka sa ɗanka ya buɗe sashenta mai suna Wayback Machine, ya rubuta tsohon adireshin nan a ciki. In an yi sa'a na'urarsu ta taɓa bi ta kan shafin, za ka sami bayaninka, kuma kyauta ne. Amma ka sani abin da ke a fili kaɗai take ɗauka. Saƙonninka na WhatsApp da rasit ɗin banki ba sa wurinta.

Saboda haka ga shawarar da za mu ba ka, da sauran manoma da 'yan kasuwa. In ka ga bayani mai amfani, kada ka tsaya ga ajiye adireshi, ka sa a ɗauki hoton shafin, in awo ne kuma a rubuta shi a littafi. Zanen aro ba ya rufe katara. Lissafin bashi da cinikin gona ko dabba a yi su a takarda, da kwanan wata da shaidu, hoton waya ya zama ƙari. In an turo maka kuɗi masu yawa, ka duba ka tabbatar sun shiga asusunka kafin ka saki kaya, ka kuma rubuta lambar cinikin. Hotunan iyali da takardun fili a ajiye su wuri biyu ko uku, don waya kan faɗa ruwa, takarda kuma gara da gobara ba sa raga mata. In ka sayi sabuwar waya, a kwashe kayan tsohuwar tun tana da rai. Layin da ka ba banki kuma ka riƙa amfani da shi. Tsohon adireshi in ya buɗe ka ga fuskarsa ta canja, ana tambayarka lambar BVN ko lambar sirrin kati, ka rufe nan take.

Da fatan malam ya gamsu da wannan amsa. Sauran waɗanda suka aiko da wasiƙu a yi haƙuri, suna nan a hannunmu, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.