Auna Bakin Teku da Zurfinta

Birnin Manchesta ba a bakin teku yake ba, amma tun shekarar 1894 jiragen ruwa ke shigowa har cikinsa. A wannan shekara ce aka buɗe wani babban mashigi da aka haƙa, mai tsawon kilomita 58, wanda ya haɗa birnin da bakin kogin Mersey kusa da Libaful. Kafin jirgi ya kai ƙofar mashigin a Eastham, dole ya ratsa ruwa marar zurfi wanda ke cike da tudun yashi. Wannan yashi kuwa ba ya zama wuri ɗaya, domin ruwa yana kwashe shi daga nan ya tara shi can. Saboda haka matuƙin jirgi yana bukatar taswirar da za ta nuna masa inda ƙasa ta ƙare, da kuma zurfin ruwan da ke ƙarƙashinsa.

Matsala ta farko ita ce sanin inda bakin teku yake. Kusan sau biyu a kowace rana teku tana cikowa, sannan ta janye, galibi saboda jan da wata ke yi wa ruwa. A Libaful, bambancin da ke tsakanin cikowa da janyewa yakan kai kimanin mita 10 a lokacin tsayuwar sabon wata da lokacin da ya cika. Wurin da mutum ya taka da ƙafa da safe, jirgi na iya wucewa ta kansa da rana. Don haka masu zana taswira sukan amince a kan wani mataki da za su riƙa auna komai daga gare shi. A taswirar matuƙa ta Birtaniya, ana ƙirga zurfi ne daga mafi ƙanƙantar matakin da ake tsammanin ruwa zai janye ya kai. Hikimar wannan ita ce, kusan kullum ruwan da matuƙi zai tarar ya fi abin da taswira ta nuna masa.

Tsohuwar hanyar auna zurfi ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Mai haƙar rijiya yakan ce rijiyarsa gaba goma ce, wato tsawon hannuwa biyu a buɗe sau goma. Matuƙan Ingila ma da irin wannan ma'auni suka yi aiki, gabansu ƙafa 6 ce. Sukan ɗaura dalma a igiya mai alamomi, su jefa ta cikin ruwa har ta taɓa ƙasa, su karanta alamar da ta tsaya a saman ruwa. A gindin dalmar akwai ɗan rami da ake cika wa da kitse. Idan aka jawo ta, abin da ya manne a kitsen shi ke nuna ko ƙasan yashi ne, ko laka, ko tsakuwa. Aibin wannan hanya shi ne, kowace jifa wuri ɗaya tak take aunawa. Dutse na iya ɓuya tsakanin jifa biyu ba wanda ya sani, sai ranar da ya fasa jirgi.

Daga wajejen shekarar 1920 aka fara aiki da amsa-kuwwa. Na'urar da ke ƙasan jirgi tana aika sauti, sautin ya bugi ƙasan teku ya dawo, ita kuma ta ƙirga lokacin da ya ɗauka. A cikin ruwan teku sauti yana tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya. Idan ya dawo bayan kashi 2 cikin 100 na daƙiƙa, to ya yi tafiyar mita 30 zuwa da dawowa, ke nan zurfin mita 15 ne. Na'urorin yanzu suna watsa ɗaruruwan layukan sauti lokaci guda kamar buɗaɗɗen mafici, su share faffadan fili a ƙasan teku. Sai dai idan ruwa ya yi ƙaranci, faɗin da suke iya sharewa yakan tsuke, kuma jirgin awon kansa na iya kafewa.

A irin wannan wuri ake amfani da jirgin sama mai harba hasken leza. Akwai hasken da ke dawowa daga saman ruwa, akwai kuma koren haske da ke ratsa ruwan ya dawo daga ƙasa. Tazarar lokacin da ke tsakanin dawowar biyun ita ke ba da zurfi. Hotunan tauraron ɗan'adam ma suna taimakawa, domin launin ruwa yana ƙara duhu gwargwadon zurfinsa. Amma duka biyun sai ruwa ya kasance garau. A ruwa mai laka irin na Mersey haske ba ya nisa, don haka akan jira ruwa ya janye a auna yashin da ya fito fili daga sama, a bar wa sauti sauran.

Sanin inda yashi yake yau bai wadatar ba, ana kuma son sanin inda zai koma. A shekarar 1885 Osborne Reynolds, shehun malamin injiniya a Kwalejin Owens, wadda ta zama tushen Jami'ar Manchesta, ya gina ƙaramin samfurin bakin kogin Mersey. Ya zuba yashi a ciki, ya sa ruwa yana cikowa yana janyewa, har tudun yashi suka fito masu kama da na ainihi. A yau kwamfuta ke yin yawancin irin wannan lissafi. Yankin Bamingam, duk da nisansa da teku, shi ma ya ba da gudummawa: daga shekarar 1851 kamfanin Chance Brothers da ke Smethwick ya riƙa ƙera gilasan fitilun hasumiyoyin bakin teku, waɗanda ke nuna wa matuƙi inda yake da dare.

Aikin bai ƙare ba. Ya zuwa shekarar 2023, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na ƙasan tekunan duniya aka auna da na'urorin zamani. A wurare irin bakin Mersey kuwa, ko an auna bana sai an sake aunawa. Shi ya sa gogaggen matuƙi, kafin ya amince da lambobin da ke kan taswira, yakan duba shekarar da aka yi awon.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake ƙirga zurfi daga matakin janyewar ruwa?
2. Mene ne amfanin kitsen da ake sa wa a gindin dalma?
3. Idan sauti ya dawo bayan kashi 4 cikin 100 na daƙiƙa, mita nawa ne zurfin ruwan?
4. Yi bayanin dalilin da ya sa hasken leza ba ya aiki sosai a kogin Mersey.