Ƙiba Ta Shigo Karkara, Maganinta Kuma Yana Gonarka

Yawancinmu mun taso muna ganin teɓa alamar hutu ce, in mutum ya aje tumbi sai a ce ya samu duniya. To, ɗan'uwa manomi, dubi mutanen garinku da kyau. Nawa ne yanzu ke shan maganin hawan jini ko na ciwon suga? Nawa ne ciwon gwiwa ya hana su sunkuyawa su yi noma? Ƙibar da ta wuce kima tana cikin manyan abubuwan da ke jawo waɗannan cututtuka, kuma ba a birni kaɗai ta tsaya ba. Manomin da ya kwanta jinya a tsakiyar damina ya yi asarar shekara guda: kuɗin taki ya tafi asibiti, ciyawa ta cinye gona.

Me ya kawo ta?

Za ka ce, "Ni da nake wuni a gona, ina ni ina ƙiba?" Gaskiyarka, daga huɗa zuwa girbi jiki na shan aiki. Amma fa wata huɗu ne ko biyar. Da amfani ya shiga rumbu, in ba ka noman rani, sai zaman majalisa, alhali ci yana nan yadda yake, har ma ya ƙaru tunda kuɗin kaka na hannu. Kasuwar da a da ake zuwa a ƙafa ko a keke, yanzu sai a babur. Mata kuma injin niƙa ya ɗauke musu wahalar daka, wanda sauƙi ne babba, sai dai babu wani motsin da ya maye gurbinsa. Abin da ka ci jiki bai yi aiki da shi ba, kitse yake zama.

Sai kuma irin cinikin da muke yi. Mu kai wake, ƙwai, gyaɗa da ganye kasuwa, mu dawo da taliyar leda, burodi, biskit da lemon kwalba. Mun sayar da mai gina jiki, mun sayo mai tara kitse.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da baligi ke sha a rana ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12. Robar lemo ɗaya mai santilita 50 tana iya cike wannan adadin gaba ɗaya, kafin a zo kan shayin safe da kunun yamma. Gishiri kuwa kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin ɗanɗanon miya na dunƙule.

Gwada kanka da igiya

Ba sai da sikeli ba. Yanki igiya daidai tsawonka, daga kai zuwa ƙafa, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita ta wajen cibiya. In ta haɗu, madalla. In ta ƙi haɗuwa, faɗin cikinka ya wuce rabin tsawonka, kuma kitsen ciki shi ya fi haɗari ga zuciya. Lokacin gyara ya yi.

Gyaran kwano

Ba cewa aka yi ka zauna da yunwa ba. Tuwon ne za a rage, a ƙara miya da ganye. Zogale, rama, alayyahu, yakuwa, kuɓewa da kabewa su cika kusan rabin kwano. Gero da dawa kada a surfe su fes, domin dusar na sa ƙoshi ya daɗe. Wake ya riƙa shiga tukunya sau da yawa a mako, ko a dafa-duka, ko alala, ko ɗanwake mai ɗan mai kaɗan. Uwargida, ki riƙa auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga kwalba, ki bar daddawa, citta da tafarnuwa su fito da ɗanɗanon miya. Fura da nono da zoɓo ba su da laifi, sukarin da ake zambaɗa musu ne matsalar. In kwaɗayi ya taso, ga gwaiba, gwanda, mangwaro da kankana.

Motsi a lokacin rani

Baligi na bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Tafiya da sauri, tuƙa keke, kai taki gona, ban ruwa a lambu, duk suna cikin lissafi. In wurin bai da nisa, bar babur ya huta.

Abin da ƙungiya za ta iya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku yi yarjejeniya kowane mamba ya ware waken gidansa kafin ya kai saura kasuwa. Ku raba irin ganye da dashen zogale domin kowane gida ya samu ɗan lambu a bayan ɗaki. A taronku, ku sauya lemon kwalba da ruwa da 'ya'yan itace. Ku haɗa kuɗi ku sayi na'urar awon jini, ku gayyaci ma'aikacin lafiya na yankinku ya riƙa duba mambobi. Matasa su raya filin ƙwallo, mata su tsayar da lokacin da za su riƙa tattaki tare, ko da a tsakar gida ne.

A kula

Wannan ragin ba na ƙananan yara ba ne, ba kuma na mai ciki ko mai shayarwa ba. Su ƙarin abinci mai gina jiki suke bukata, domin a gida ɗaya ana iya samun uba mai tumbi da yaro mai tamowa. Ku guji ƙwayoyin sa ƙiba irin su sha-ka-fashe, haka ma haɗe-haɗen rage tumbi da ake talla a kasuwa. Wanda yake kan maganin suga ko hawan jini kuma, ya tuntuɓi likitansa kafin ya sauya cimarsa.

Fara da abu ɗaya a wannan makon: rage cokali ɗaya na sukari a shayi, ka je gona a ƙafa. Bayan wata uku ka sake ɗauko igiyar nan ka gani.