"Ai Ya Tashi Da Ƙafarsa": Gaskiya Da Ƙarya Kan Diyyar Raunin Ƙwaƙwalwa

A duk inda aka yi hatsarin mota ko na babur a ƙasar nan, kafin jami'an kiyaye haɗurra su iso, 'yan kallo sun riga sun yanke hukunci. In wanda aka buge ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, sai a ce Allah ya tsare, a sallami direba. In kuma an kwantar da shi a asibiti, kafin kwana uku dattawa sun rako mai mota, an biya kuɗin gado da na magani, an shafa fatiha, magana ta mutu. Yawancin abin da ake faɗa a irin wannan zama ba shi da tushe a likitance ko a dokar ƙasa, wani ma ba shi da shi a fiƙihun da ake fakewa da shi.

Maganar da ta fi yaɗuwa ita ce wai tunda bai suma ba, kai kuma bai fashe ba, ƙwaƙwalwa lafiya lau take. Wannan ƙarya ce, kuma tana kisa. Ƙwaƙwalwa abu ne mai taushi a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya bugu ko ya fizgu da ƙarfi, takan daki ƙashin daga ciki ko da fata ba ta ko ƙurje ba. Akwai zubar jini a cikin ƙoƙo da mutum zai yi ta magana garau na 'yan sa'o'i, har ya ci abinci, sannan ciwon kai da amai da barci mai nauyi su biyo baya. A jikin tsofaffi jinin kan taru a hankali, sai bayan makonni a ga dattijo ya rikice, a ce tsufa ne.

"Ai an yi hoto, an ce babu komai." Nan akwai rabin gaskiya. Hoton CT yana nuna zubar jini da karayar ƙoƙo sosai, amma sau da yawa ba ya kama tsinkewar ƙananan zaruruwan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Likitoci kan auna farkawar majiyyaci da ma'aunin Glasgow, wanda aka fito da shi a 1974, daga maki 3 zuwa 15, kuma wanda ya samu 13 zuwa 15 ana lissafa rauninsa cikin masu sauƙi. Gaskiya ne mafi yawan irin waɗannan kan warware cikin makonni. Amma wasu sukan koma gida da mantuwa, jiri, saurin fushi, kasa jure hayaniya, wasu ma farfaɗiya ta kama su bayan watanni. A nan ne ake yin babbar asara. Magidanci mai haƙuri ya koma mai faɗa da iyalinsa, ɗan kasuwa ya kasa lissafin ciniki, sai a ce iska ce ko sammu, ba wanda ya tuna da buguwar da ya sha a kan titi. Abin da ba a rubuta a katin asibiti ba kuwa, alƙali ba zai gani ba.

Sai maganar da ta fi ɗaure bakin mutane: wai neman diyya rashin yarda da ƙaddara ne. Ban san inda aka samo wannan ba, domin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu akasin haka suke koyarwa. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure, sai in iyalan mamacin sun yafe da kansu. Risalar Ibn Abi Zaid da Muwaɗɗa Malik sun bi raunukan kai ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya bayyana ƙashi, wato muliha, diyyarsa raƙuma biyar ne cikin ɗari na cikakkiyar diyya. Wanda ya farfasa ƙashin har ya gusa, munaƙƙila, raƙuma goma sha biyar. Wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa, ma'amuma, sulusin diyya. Gushewar hankali gaba ɗaya kuwa cikakkiyar diyya ce, daidai da ta rai, haka ma rasa ji ko gani. Abin da ya fi burge ni shi ne, a mazhabar Malikiyya ba a yanke diyyar rauni sai ya warke an ga abin da ya bari. Tun ƙarnoni da suka shuɗe malamai sun gane cewa ba a ƙiyasta rauni a ranar da aka ji shi. Mu kuma sai mu zauna sulhu a bakin gadon mutumin da bai gama gane 'ya'yansa ba.

Yafiya alheri ce, ba wanda ya ce a'a. Amma mai haƙƙi ne ke yafewa, yana cikin hayyacinsa, ya san abin da ya rasa. Kawu ko yaya ba su da ikon kyautar da dukiyar yaro ƙarami ko ta wanda hankalinsa ya taɓu don kawai a ce su mutanen kirki ne.

Ana kuma cewa inshorar mota takarda ce ta nuna wa 'yan sanda, ba a taɓa biyan kowa. Dalilin wannan zato a fili yake: takardun bogi sun yi yawa, kuma ta bogi ba ta biyan ko sisi. Amma ta gaske an wajabta ta ne saboda wanda mota za ta buge. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗin wannan inshora na ƙaramar mota daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga iyakar abin da ake biya kan ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3. A lura, wannan adadi na dukiya ne, kamar mota ko shago. Ba shi ne farashin kan mutum ba. Da lambar motar kaɗai ana iya duba ko inshorarta ta gaske ce a rumbun bayanan inshora na NIID a intanet. In kamfani ya yi ta jan ƙafa, NAICOM na karɓar ƙorafi.

"Direban talaka ne, me za a samu?" Sau da yawa ba direban kaɗai ke da alhaki ba. In yana cikin aikin ubangidansa lokacin da ya yi sakacin, doka na kama mai motar ko kamfanin. Wanda kuma ya faɗo daga gini ko ƙarfe ya buge shi a masana'anta yana da wata hanyar dabam: dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun inshorar ma'aikata na NSITF ke gudanarwa. Sai dai tana da wa'adi: a sanar da mai aiki cikin kwana 14, a shigar da buƙata cikin shekara guda.

Batun wa'adi ne ma ya rusa zancen da ake yi cewa haƙƙi ba ya tsufa. A gaban Allah haka ne, a kotu kuwa yana tsufa. Akwai dokokin iyakance lokacin shigar da ƙara, kuma in motar hukuma ce ko jami'in gwamnati a bakin aiki, dokar kare ma'aikatan gwamnati na iya rufe ƙofa bayan wata uku kacal. Jinkirta sulhu daban, jinkirta ganin lauya daban.

Ga mai babur kuma, rashin hular kwano ba ya soke diyya, ko da yake alƙali na iya rage ta gwargwadon sakacin wanda aka buge. Kai direba kotu da 'yan sanda suka yi ma bai wadatar ba, domin tara aljihun gwamnati take shiga, diyya kuwa sai an nema.

Maganar da ba zan musa ba ita ce shari'a tana cin lokaci da kuɗi. Gaskiya ce, kuma shi ya sa sulhu ba laifi ba ne in an yi shi da ido buɗe. Hukumar Legal Aid Council na taimaka wa marasa hali a ƙarar haɗurra, wasu lauyoyin kuma kan yarda a biya su daga abin da aka samu. Amma ko lauya ya fi kowa iya magana, kotu ba ta biyan kuɗin da aka kashe sai da shaida.

Don haka, ɗan'uwa, in naka ne a kwance, ka rubuta lambar motar da sunayen shaidu, ka karɓi rahoton 'yan sanda ko na hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, ka adana kowane rasit da hoton CT. A riƙa rubuta duk canjin da aka gani a halinsa da kwanan wata, a gaya wa likita. A karɓi kuɗin magani in an bayar, amma kada kowa ya sa hannu a takardar da ta ce an rufe magana kafin likitan ƙwaƙwalwa ya faɗi inda raunin ya tsaya.