Nawa 'Yan Ƙwadago Ke Ci Cikin Cinikin Manomi?

In kaka ta yi, amfani ya shigo gida, manomi ya kan ƙirga buhuna ya ce bana an samu. Amma in an tambaye shi nawa ne ya tafi ga 'yan ƙwadago cikin kuɗin da ya kama, sai ya ce ai da yawa, iyakar amsar ke nan. Ga shi kuwa a nan ne wani ke cin bashi don ya faɗaɗa gona, alhali faɗin da ya ƙara bai biya ko waɗanda suka nome shi ba.

Lissafin ba wuya gare shi ba, akawunan kamfani su kan yi irinsa kowace shekara. A tara dukan abin da aka kashe kan ma'aikata, a ninka sau 100, sa'an nan a raba da jimlar ciniki, watau dukan kuɗin da aka sayar da kaya tun ba a fid da kome ba. Abin da ya fito shi ne rabon ma'aikata cikin kowace naira ɗari. A lura, ciniki dabam, riba dabam.

Ga misali. A ce wani manomi ya sami masara buhu 40, ya sayar da 30 a kan naira 40,000 kowane buhu, ya kama naira 1,200,000. Tun daga sharar gona da huɗa, zuwa noman firi, da maimai, da girbi, da casa, ya biya naira 300,000. In aka ninka 300,000 sau 100 aka raba da 1,200,000, sai a sami 25. Watau cikin kowace naira ɗari, 25 na 'yan ƙwadago ne.

To, amma da sauran magana, gama akwai abin da ya manta. Na fari abinci. Kunu da tuwo da goron da a ke kai wa ma'aikata gona ba daga sama suka faɗo ba. In sun kai naira 60,000, kuɗin ƙwadago ya zama 360,000. Na biyu, ma'aikatan nan buhu 40 suka noma, ba 30 ba. Goman da aka bari don ci da zakka da iri dole a yi musu kuɗi kamar an sayar, ciniki ya zama naira 1,600,000. Yanzu rabon ƙwadago 22 da rabi ne cikin ɗari.

Na uku shi ne wanda manoma ba su son ji: aikin 'ya'yan gida. Mai gandu ya kan ce yaransa kyauta su ke yi masa noma. Kyauta ne har ran da ɗaya ya yi aure ya ware, ko ya tafi birni, sa'an nan ya san kuɗinsa. Abin da ya kamata, a ƙirga kwanakin da suka yi, a yi musu kuɗi yadda a ke biyan ɗan ƙwadago a garin. Ba da albashi mafi ƙanƙanta na naira 70,000 a wata, wanda aka sa a 2024, za a auna ba, domin dokar ba ta hau kan aikin gona na damina ko aikin jinga ba. In aikin yaran ya kai naira 120,000, jimla ta zama 480,000, watau 30 cikin ɗari.

Amfanin sanin wannan lamba shi ne gwada bana da bara, da gwada wannan amfani da wancan. Auduga da gyaɗa sun fi dawa cin hannu, saboda tsinka da ɓara, don haka ba abin mamaki ba ne rabon ƙwadagonsu ya fi. Kuma lambar ta kan hau ko da ba a ƙara wa kowa ko kwabo ba. In manomin nan ya sayar da kaka, buhu ya faɗi zuwa naira 30,000, amfaninsa duka ya koma 1,200,000, ƙwadago kuwa yana nan 480,000, ya zama 40 cikin ɗari. Taki da iri da maganin feshi da kuɗin mota duk cikin 60 ɗin da ya rage za su fito.

Ɗan kasuwa kuma kada ya dubi lambar manomi ya yi murna. Mai sayen hatsi a Dawanau, a ce ya yi cinikin naira 10,000,000 a wata, ya biya yaransa da 'yan dako 200,000. Biyu cikin ɗari ke nan, kamar ba kome. Amma in kayan ya saye su 9,500,000, abin da ya hau 500,000 ne kurum, ma'aikata sun ɗauki 40 cikin ɗari na wannan, tun bai biya hayar sito ba. Shi ya kamata ya yi lissafin sau biyu, ɗaya a kan ciniki, ɗaya a kan abin da ya hau bisa kuɗin saye.