IN BANZA TA FAƊI, A AJIYE AIKI?

Sau da yawa mukan ji malamin ofis ko malamin makaranta yana cewa ran da Allah ya ba shi kuɗi masu kauri a dunƙule, ran nan zai ajiye alƙalami ya koma gida ya huta. Irin wannan rabo kuwa yakan zo. Wani gādo ne zai faɗo masa, wani diyyar gonarsa da hanya ta ratsa, wani kuwa fili ne da ya saya da arha gari ya cim masa. Tsuntsu daga sama gasasshe ke nan. To, amma kafin mutum ya rubuta takardar barin aiki, akwai lissafin da ya kamata ya zauna ya yi.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, shekara nawa kuɗin za su iya ciyad da gida? A ƙasar Amurka wani masanin tattalin dukiya, William Bengen, ya bincika wannan al'amari a 1994. Ya bi tarihin kasuwar hannun jari da takardun lamunin gwamnatin ƙasarsu tun daga 1926, ya ga cewa wanda ya zuba dukiyarsa a ciki, yana cire kimanin kashi 4 cikin 100 a shekarar farko, sa'an nan yana ƙarawa gwargwadon tashin farashi, dukiyar takan kai shi shekara 30. Watau dai sai mutum ya mallaki ninki 25 na abin da gidansa ke ci a shekara.

Mu kwatanta. A ce ga ma'aikaci ɗan shekara 45, gidansa na cin naira dubu 200 a wata, watau miliyan 2 da dubu 400 a shekara. Bisa ga wancan lissafi, miliyan 60 yake bukata. In miliyan 20 ya samu, ko da yake a ido sun yi yawa, ya ajiye yana ɗiba, shekara takwas da wata huɗu za su yi masa, in farashi bai motsa ba. In kuwa kaya na tashi da kashi 20 cikin 100 kowace shekara, ba za su cika shekara shida ba. Ga kuma zakka, ɗaya cikin arba'in, wadda ke kan Musulmi duk shekarar da kuɗin suka kwana a hannunsa sun kai nisabi. Sai ya wayi gari yana ɗan hamsin da ɗaya, ba kuɗi, ba aiki, 'ya'ya kuwa suna tsakiyar karatu.

Amma fa lissafin Bengen na ƙasarsu ne, inda tashin farashi bai cika yin tsanani ba. Mu nan mun ga abin da ya fi haka. Dattawan ma'aikata ba su manta da Udoji ba. Gwamnatin Janar Gowon ta kafa hukumar Cif Jerome Udoji a 1972 don ta duba sha'anin aikin gwamnati, ta miƙa rahotonta a 1974. A farkon 1975 aka ƙara albashi ƙwarai, aka kuma biya ariyas na watanni a dunƙule. Aka yi ta sayen rediyo da babur da firji. 'Yan kasuwa kuwa da suka ji ƙanshin kuɗi suka ɗaga farashi, har tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin 100 a shekaran nan. A 2024 ma an sake ganin irin wannan tashi. Wanda ke bakin aiki, ko ba daɗe ko ba jima akan duba albashinsa. Wanda ya dogara ga kuɗin ajiya kuwa, ba mai ƙara masa ko anini.

Har ila yau akwai maganar fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya riƙa zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10. Ran da mutum ya bar aiki, ran nan kashi goman nan ya yanke. Kuma wanda ya tafi bai kai shekara 50 ba, in ba don rashin lafiya ba, abin da zai iya karɓa bai wuce rubu'in ajiyarsa ba, shi ma sai ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba. Saura sai ya cika hamsin.

Wani abin da lissafin Turawa bai sa a ciki ba shi ne dangi. Labarin kuɗi ba ya ɓuya a gari. Wannan zai zo da aurar da 'ya, wancan da kuɗin asibiti, ga mai neman jari. Mutumin kirki ba ya iya rufe ƙofa, ba mu kuma ce ya rufe ba, sai dai ya sa wannan cikin lissafinsa tun da wuri.

Shawararmu ita ce, wanda Allah ya ba irin wannan rabo kada ya yi gaggawa. Ya fara biyan bashin da ke wuyansa, ya mallaki muhalli. Sauran ya raba su cikin abubuwan da ke haihuwa, kuma darajarsu ke tashi tare da farashi, kamar gidan haya, da gona, da kiwo, da hannun jari, kada ya zuba su duka wuri guda. Sa'an nan ya gwada kansa: ya ci gaba da zuwa ofis shekara biyu, yana ajiye albashinsa ba ya taɓawa, gida na ci daga abin da dukiyar ta haifa kaɗai. In ta riƙe gidan har da rara, ba a taɓa uwar kuɗi ba, to, ya ajiye aiki da kwanciyar rai, ya kuma tanadi abin da zai riƙa yi da ranakunsa, don zaman banza na tsofar da mutum. In ba ta riƙe ba, ya gode wa Allah da bai zubar da ruwan tulunsa don ganin hadari ba.

Allah ya ba mu arziki mai albarka, ya kuma ba mu hankalin riƙe shi, amin.