FUREN RANA, GUJIYA DA NOME: A BAR WA YARA RABONSU

Ƴan'uwa manoma na Dogondutsi da Tibiri, da ku uwayen gida, ku saurara.

Akwai wata shuka mai dogon kara da faffaɗan fure rawaya, wadda Faransawa ke kira turnasol, mu kuwa mu ce furen rana. Asalinta Amurka ta Arewa. A tsakiyar furen ƙwaya ke jeruwa, baƙa ko mai zane. Ana soya ta a ɓare a ci, ana tatsar mai daga gare ta, tunkuzar kuwa a ba bisashe. Ukraniya da Rasha ke tatsar fiye da rabin man furen rana na duniya, shi ya sa da yaƙi ya tashi tsakaninsu a 2022 man girki ya yi tsada har kasuwanninmu.

Mi ke cikin ƙwayar? A garam 100 na wadda anka ɓare akwai mai wajen garam 50, da abin gina jiki garam 21, da bitamin E mai yawa. To, ku duba namu. Gujiya, wato gyaɗa, tana da mai garam 49, abin gina jiki 26. Nome, wato riɗi, yana da mai garam 50, abin gina jiki 18, ga sinadarin ƙarfin ƙashi da na ƙara jini. Hatsi kuwa abin gina jikinsa wajen 11 ne, mansa bai wuce 5 ba. Ashe abin da ake nema ga furen rana yana nan cikin gonakin Dallol Mawri.

Ga inda matsalar take. Da kaka ta yi, sai a kai gujiya da nome kasuwa duka, a bar yaro da kunun hatsi tsura. Cikin yaro ƙarami ne. Kunun ruwa yana cika shi, amma ba ya gina shi. Daga nan tamowa ke shigowa, balle da damina in rumbu ya yi ƙasa. Abincin nan na leda da ake ba masu tamowa a likita, Plumpy'Nut, da gujiya ake yin shi. Kada mu jira sai an kai yaro can.

Ga abin yi:

1. Maigida, kafin ka sayar, ware tiyoyin yara, ka aje daban.
2. Uwargida, ki tsince ƙwayar. Wadda ta yi fumfuna, ko ta ƙanƙance, ko take ɗaci, a zubar, don gubarta tana ɓata hanta, soyawa kuma ba ta kashe ta.
3. A soya sama-sama, a daka lukui. Daga wata 6, a zuba cokali guda cikin kunun yaro, ana ci gaba da ba shi nono.
4. Kada a ba ƙaramin yaro ƙwaya ɗungum, tana shaƙewa.
5. A daka na kwana kaɗan, a rufe, a aje cikin inuwa. Zafi yana sa mai ya yi hamami.

Mai ciki da mai goyo su ma su samu nasu cikin miya, ko ƙuli-ƙuli, ko kantu.

Wanda ya samu irin furen rana yana son gwadawa, ya fara da layi biyu ko uku a gefen gona ko garka. Yana nuna cikin wata uku zuwa huɗu, amma sai da tsaro, don tsuntsaye suna son shi ƙwarai. Kafin ku shuka, ku nemi malamin gona na karkararku.

Allah shi ba mu damina mai albarka.